Damanarmu Daga Teku Take Tasowa: Tarihin Ruwa Da Fari A Ƙasar Ɗan Gulbi

 

Tarihin da muka ɗauko yau na ruwan sama ne. Kowa nan ya san shekarar da aka yi shibka sau uku kafin hatsi ya tsaya. Kowa ya san shekarar da ruwa ya ɗauke hatsi na cikin bununi, aka bi gona da ido ana kallon kara yana bushewa. In an zauna gindin icce sai ka ji kowa da dalilinsa: wani ya ce saran itatuwa ne, wani ya ce bisashe ne suka yi yawa, wani ya ce halinmu ne ya canza. Ruwa na Allah ne, wannan ba gardama. Amma Allah yana yin abu da sababi, kuma masana da suka shafe shekaru suna bin sawun damanar Sahel sun gano cewa babban sababin yana can cikin tekunan da mafi yawanmu ba mu taɓa gani da ido ba. Ku gyara zama, labarin yana da ɗan tsawo.

GULBIN DA BA YA GUDU

Mu fara da sunan garinmu. Ɗan Gulbi yana cikin kwarin Gulbin Kaba, wanda ya taso daga arewacin Najeriya, ya shigo Nijar ya bi ta ƙasar Mayahi, ya ratso ƙasar Kornaka, ya sake komawa Najeriya. Yaro zai iya tambaya: ina gulbin? Ga goruba da kaba, ga rijiyoyi, amma ba ruwan da ke gudu. To, kwari irin wanga ba iska ce ta haƙa shi ba, ruwa ne. An yi zamanin da damana ke kaiwa can tsakiyar Sahara. Daga wajen shekaru 11,000 zuwa shekaru 5,000 da suka wuce, inda yau ke rairayi ciyawa ce da tafkuna. Mutanen wancan lokaci sun bar shaida a jikin duwatsu, kamar zanen raƙuman dawa na Dabus da ke arewacin Agadas. Wato tun fil azal damanar ƙasar nan tafiya take yi tana dawowa.

YADDA DAMANA KE ISO MU

In bazara ta yi tsanani, Sahara takan yi zafi kamar tanderu. Iska mai zafi ba ta da nauyi, sai ta tashi sama ta bar gurbi. Wannan gurbi shi ke jawo iska mai laima daga tekun Atilantika, musamman yankin tekun Gini da ke gaban Legas, Kwatano da Abijan. Iskar sai ta yi tafiyar kusan kilomita 1,000 kafin ta iso gonakinmu. A hanya tana karo da busasshiyar iskar arewa maso gabas, wadda muke kira hunturu lokacin ɗari. Inda suka haɗu akwai iyaka, kuma iyakar tana matsawa arewa sannu a hankali. Takan wuce mu wajen watan Yuni, ta kai ƙarshen tafiyarta cikin Agusta lokacin malka, ta juya kudu cikin Satumba.

Wani zai ce, to ai mu hadari daga gabas muke ganin yana tasowa. Gaskiya ne. Laimar daga kudu maso yamma take shigowa ta ƙasa-ƙasa, amma can sama akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas, ita ke tura hadarin yamma. Shi ya sa ruwan da ya sauka Damagaram da rana kan iya iso mu cikin dare.

Abin lura shi ne mu muna kusa da ƙarshen layi. In ana rabon tuwo, na bakin tukunya bai san an rage ludayi ba, na ƙarshe ne ke kwana da yunwa. In iyakar nan ta gaza kaiwa inda ta saba da kilomita 100 kawai, mutumin Zariya zai ce damana ta ɗan yi rauni, mutumin Dakoro kuwa rumbunsa ne zai zauna wayam.

SHEKARUN YALWA DA ABIN DA SUKA HAIFAR

Tsofaffin da suka rigaye mu gidan gaskiya sun bar mana sunan Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914. Fari ne ya faɗa wa Sahel gaba ɗaya, ga kuma harajin Nasara bisa wuyan talaka. Sai 1931, shekarar da fara ta cinye amfanin gona a yammacin Nijar. Amma waɗanda ke raye yau, abin da suka fi tunawa da daɗi shi ne shekarun 1950 zuwa tsakiyar 1960. Ba a taɓa auna ruwa mai yawa a Sahel, shekara bayan shekara, kamar na wancan lokaci ba. Gyaɗa ta yi albarka, Maraɗi ta cika da buhunnan da ake kai wa Faransa. Tafkin Cadi a 1963 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000.

Ruwan nan ne ya ja manoma suka yi ta matsawa arewa, suna sheme daji suna kafa garuruwa har wajen kwarin Tarka, inda a da makiyaya ne kawai ke yawo da bisashensu. Abin ya kai ga sabuwar gwamnatin Nijar ta yi doka ranar 26 ga Mayu 1961, ta shata iyakar da noma bai kamata ya wuce ta ba daga arewa. Ku riƙe wannan: an kafa garuruwa da dama, an raba gonaki, an yi aure an hayayyafa, duk bisa lissafin cewa ruwan 1950 shi ne ruwan kullum. Ashe aro ne.

FARIN 1968 ZUWA 1974

Daga 1968 ruwa ya fara ja da baya. 1972 da 1973 suka zo da abin da ba a shirya masa ba. Ciyawa ba ta fito ba a arewa, shanu da raƙuma suka yi ta faɗuwa, Buzaye da Fulani suka gangaro kudu, wasu har Najeriya, da yawa hannu rabbana. Cikin ƙauyuka aka koma ga anza, ana jiƙa ta kwana da kwanaki don ɗacin ya fita, ana sussukar ƙarangiya, ana tonon gidan tururuwa.

Farin bai tsaya a gona ba, har fada ya shiga. Ranar 15 ga Afrilu 1974 Laftanar Kanar Seyni Kunce ya kifar da gwamnatin Diori Hamani, kuma cikin dalilan da sojoji suka bayar har da yadda aka tafiyar da taimakon cimaka. Kafin nan, a watan Satumba 1973, ƙasashen Sahel sun kafa ƙungiyar CILSS a Wagadugu don yaƙi da fari, a 1974 kuma aka buɗe cibiyar AGRHYMET a Yamai don nazarin yanayi, ruwa da noma.

Ga abin da mutanenmu ba su sani ba a lokacin. Cikin wannan shekara ta 1972, masuntan ƙasar Peru, can Kudancin Amurka, sun jefa taru sun fito da shi kusan wayam, don ruwan tekunsu ya yi ɗumi kifi ya ɓace. A wannan shekarar dai damanar Indiya ta gaza. Mai taru a Peru, manomin Indiya da mai hauya a Ɗan Gulbi, ba wanda ya san da wani, amma igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

AKA CE LAIFINMU NE

Da Turawa suka zo neman dalili, sai yatsa ya nuna mu. A 1975 wani babban masanin yanayi na Amurka, Jule Charney, ya kawo bayanin cewa in bisashe suka cinye ciyawa aka sare itatuwa, farar ƙasa takan mayar da hasken rana sama, iska ta daina tashi, hadari ya ƙi haɗuwa. Maganar ta karɓu ƙwarai. A 1977 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi babban taro kan gurgusowar hamada a Nairobi, kuma shekaru da dama bayan haka abin da ake faɗa wa manomi da makiyayi ke nan: ku kuka jawo wa kanku. Mai akuya ya zama mai laifi, macen da ta je itacen girki ta zama mai laifi.

Sai ga 1984, shekarar da ta fi kowace bushewa a Sahel cikin ƙarnin da ya wuce. Mu nan jahar Maraɗi mun sa mata suna El-Buhari, domin a watan Afrilun shekarar gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Najeriya, ba a buɗe ba sai 1986. Hanyar da aka saba bi a sayo hatsi da garin rogo, ko a je ci-rani a aiko da ɗan abin masarufi, ta toshe daidai lokacin da ake matuƙar buƙatarta. A watan Yuni 1985 kogin Isa ya daina gudu a Yamai. Tafkin Cadi ya ƙanƙance bai kai kashi ɗaya cikin goma na girmansa na 1963 ba.

Tambayar da ta tsaya wa masana a wuya ita ce: in akuya da gatari ne, mi ya sa fari ya faɗa tun daga Senegal har Habasha lokaci guda, inda ake da bisashe da yawa da inda babu?

AMSAR TANA CIKIN TEKU

Tun 1978 wani masani mai suna Peter Lamb ya lura cewa shekarun fari a Sahel suna tafiya tare da wani irin yanayin ɗumi da sanyi a tekun Atilantika. A 1986 masana uku na ma'aikatar yanayi ta Ingila, Folland, Palmer da Parker, suka tattara awon zafin ruwan teku da jiragen ruwa suka yi ta rubutawa shekara da shekaru, suka jera shi kusa da awon ruwan saman Sahel. Abin da ya fito: duk lokacin da tekunan kudancin duniya suka fi na arewa ɗumi, Sahel na cikin fari. Lokacin da na arewa suka fi ɗumi, kamar shekarun 1950, Sahel na cikin ruwa.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Hadari yana bin ɗumi kamar yadda bisashe ke bin ɗanyar ciyawa. In arewacin Atilantika ya yi ɗumi, damana takan miƙe ƙafa ta hau arewa har ta wuce mu. In ya yi sanyi, kudanci kuma ya yi ɗumi, sai ta maƙale can ƙasa, ruwan ya zube bakin teku ko cikin tekun kansa. A 1984 ruwan tekun Gini ya yi ɗumin da ba a saba gani ba, damanar ta yi zamanta can.

A 2003 wata masaniya ƴar Italiya, Alessandra Giannini, da abokan aikinta biyu suka yi gwaji da kwamfuta. Suka ba ta zafin tekunan duniya daga 1930 zuwa 2000, ba su gaya mata ko icce ɗaya da aka sare a Nijar ba, suka ce ta lissafa ruwan Sahel. Sai ga ta ta fito da yalwar shekarun 1950 da farin 1970 da 1980. Daga nan aka san cewa tushen farin ba a gonar talaka yake ba.

To mi ya sanyaya arewacin Atilantika? Abu biyu ake magana a kai. Na farko, tekun yana da nasa juyi, yakan yi shekaru ashirin zuwa arba'in da ɗumi, ya yi wasu da sanyi. Na biyu, hayaƙin masana'antun Turai da Amurka, mai ɗauke da farar wuta, wanda ya yi yawa bayan yaƙin duniya na biyu, ya riƙa tare hasken rana bisa tekun. Da ƙasashen suka yi dokokin tsabtace iska, hayaƙin ya ragu, tekun ya soma ɗumama. Masana har yanzu suna ja-in-ja kan rabon kowane cikin biyun, amma ku duba wanga al'amari: hayaƙin da aka hura a wata nahiya yana da hannu cikin yunwar da aka ce akuyarmu ce ta jawo.

Sai kuma El Nino, wanda kuke ji a rediyo. Masuntan Peru ne suka raɗa masa suna. Duk bayan shekara biyu zuwa bakwai, ruwan tsakiya da gabashin tekun Pasifik yakan yi ɗumi fiye da ƙima, hadari ya tattara can, tafiyar iskar sama ta rikice har a kanmu. Sau da yawa yakan rage mana ruwa: an yi shi a 1972, an yi babba a 1982 zuwa 1983, an yi a 1997 da 2009. Kishiyarsa La Nina, lokacin da ruwan ya yi sanyi, takan zo mana da alheri, kamar 1988 da 1999. Amma ba doka ba ce, a 2015 an yi El Nino mai ƙarfi kuma damanar Sahel ba ta lalace ba, don sauran tekunan ma suna da baki cikin maganar. Ɗumin tekun Indiya yakan janye mana ruwa, ɗumin Bahar Rum kuwa yakan ƙaro mana laima daga arewa. Damana ɗaya, masu ja da yawa.

ABIN DA KE HANNUNMU

Kada wani ya ji wannan ya ce to a ci gaba da sara. Teku ke buɗe ƙofa ko ya rufe, amma ƙasa ce ke riƙe abin da ya sauko. Gonar da ke da gawo da kalgo da sabara ba ta bushewa kamar fako, iska ba ta binne shibka da rairayi. Wannan darasi ma daga ƙasar Maraɗi duniya ta koye shi. A watan Mayu 1984 aka yi taron ƙasa kan yaƙi da hamada a Maraɗi. A shekarun nan ne kuma wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, tare da manoman yankin, suka fara abin da muke kira sassabin zamani: maimakon a tumɓuke toho daga kututture, a zaɓi mai ƙarfi a gyara shi ya zama icce. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya kimanin hekta miliyan 5 sun sake yin itatuwa a kudancin Nijar. Manoman da aka ɗora wa laifin hamada su ne suka yi wanga aiki da hannunsu.

Haka nan ba kowace yunwa ce za a ɗora wa teku ba. Kakalaba ta haɗu da haraji, El-Buhari ta haɗu da rufe iyaka. A 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara ta sauka, amma abin da ya karya mutane a 2005 tsadar tiya ce a kasuwa, har cibiyoyin jinyar yara masu tamowa suka cika a Maraɗi da Dakoro. Fari daga sama yake zuwa, yunwa kuwa sau da yawa sai mutane sun taya shi.

RUWA YA DAWO, AMMA DA WATA FUSKA

Daga tsakiyar shekarun 1990 arewacin Atilantika ya koma ɗumi, damana ta farfaɗo. Sai dai duk manomi ya lura ba irin ta da ba ce. Yayyafin malka na kwana da kwanaki ya yi ƙaranci. Yanzu sai a yi sati biyu ko uku ba ɗigo, sannan a sako na wata guda cikin dare ɗaya. Wani bincike da aka fitar a 2017, wanda ya duba hotunan tauraron ɗan Adam na shekaru 35, ya nuna cewa manyan hadura masu tsanani a Sahel sun ninka sau uku tun 1982, kuma an danganta haka da ƙaruwar zafin Sahara. Mun gani da idonmu a 2024: ruwan ƙarshen Agusta ya rushe gidaje a birnin Maraɗi, tsohon masallacin Birni na Damagaram ya faɗi, kusan mutum 400 suka rasu a faɗin ƙasa, har aka ɗage komawa lakwal zuwa ƙarshen Oktoba.

Amfanin sanin wanga tarihi shi ne teku ba ya canza hali da sauri kamar iska. Ɗuminsa na watan Afrilu yana ba da labarin abin da ka iya faruwa a Yuli da Agusta. Shi ya sa tun 1998 masanan yanayi na Afirka ta Yamma ke taruwa kowace shekara kafin damana, tare da AGRHYMET da cibiyar ACMAD da ke Yamai, su fitar da hasashe: ko ruwa zai yi yawa, ko daidai, ko kaɗan, ko zai faɗi da wuri, ko za a yi dogon tsaiko a tsakiya. Na 2024 ya yi gargaɗin ruwa mai yawa tun kafin a yi shibka.

Hasashen nan ba duba ba ne, kuma ba zai gaya maka ranar da ruwa zai sauka gonarka ba. Kamar dattijo ne da ya ga shamuwa ta iso, ya ga gawo ya fara zubar da ganye, ya ce ku gyara iri. Wani lokaci yakan kuskure. Amma wanda ya ji an ce damana za ta yi gajarta, ya raba gonarsa, ya sa irin da ke nuna da wuri kamar HKP a wani ɓangare, ya bar zango a wani, ya haɗa da wake, ya fi wanda ya zuba duka ƙwansa cikin shibkar ruwan farko. Wanda ya ji an ce ruwa zai yi yawa ya gyara indararo, ya ɗaga rumbu, kada ya yi gini cikin kwari don an daɗe ba a ga ruwa ya bi ta nan ba. Kwarin ruwa ne ya haƙa shi, kuma bai manta hanya ba.

Babban gargaɗin kuwa yana cikin shekarun 1950. Iyayenmu sun ga ruwa na shekara goma sha biyar suka ɗauka ya zo ke nan. Mu ma yanzu muna cikin shekarun da teku ke mana sassauci, kuma yawanmu ya ninka nasu sau da dama, gonaki sun ƙanƙance, burtali ya matse. In shekara ta yi kyau a tuna da bankin cimaka, kada a kwashe komi a kai kasuwa da kaka a dawo ana sayensa ninki biyu da bazara. Manomi da makiyayi kuma su san cewa ranar da ciyawa ta ƙi fitowa, ba ɗayansu ne ya hana ta ba.

Matasa masu salula, ga aiki. Tsofaffin da suka ga 1973 da El-Buhari suna nan cikinmu, amma kullum raguwa suke. Ku zauna da su, ku tambaye su sunayen shekarun, mi aka ci, ina aka gudu, wace rijiya ce ba ta ƙafe ba, wane iri ne ya tsira. Ku naɗi muryarsu ku adana. Masana suna da awon teku, amma wanga sani wajen kakanninmu kawai yake.

Allah Ya ba mu damana mai albarka, Ya kiyaye mu fari da ambaliya, Ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu. Sai mun sake haɗuwa.